Waɗanda ke bayan mai waƙa: makaɗa da ƴan amshi a tarihin kiɗan Hausa

Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Magana ce ta gaskiya, sai dai ta bar tambaya guda ba ta amsa ba: wane ne mai ita? Duk wanda ya taɓa zama a tashar motar Tanut, ko a rumfar mai shayi a Balbeji, lokacin da aka saki waƙar Alhaji Mamman Shata, ya san cewa kafin Shata ya buɗe baki kalangu ne ke fara sallama, kuma da zarar ya sauke ɗa guda na waƙa wasu muryoyi ne ke karɓe masa har ya numfasa. In aka tambayi masu saurare sunan mawaƙin, ƙaramin yaro ma zai faɗa. In aka ce su kawo sunan mutum guda daga cikin masu kalangun ko masu amshin, sai wuri ya yi tsit.

Wannan shirun shi ne abin dubawa a nan. Tarihin kiɗan Hausa, yadda ake ba da shi a makarantu da gidajen rediyo, jerin sunayen shugabanni ne: Narambaɗa, Jankiɗi, Ɗanƙwairo, Shata, Ɗan Anace, Ɗan Alalo, Barmani Coge. Alhali kowane ɗaya daga cikinsu da jama'arsa yake tafe, kuma abin da kunne ke ji a faifai aikin wannan jama'a ne baki ɗaya.

Yadda ƙungiyar kiɗa take

Ƙungiyar kiɗan gargajiya gida ce mai tsari. A gaba akwai jagora, wato uban kiɗi, wanda ke ƙulla waƙa, yake kuma amsa sunan ƙungiya a gaban sarki ko mai biki. Bayansa akwai makaɗa, sannan ƴan amshi, waɗanda mutanen Sakkwato da Zamfara ke kira ƴan karɓi. Akwai kuma sanƙira, wanda ba ya kiɗa ba ya waƙa, amma shi ke kirari, shi ke tuna wa jagora asalin wanda ake wasawa, shi ke shelar kyautar da aka bayar da sunan mai bayarwa. A ƙungiyoyin fada na ƙasar Zamfara har muƙami ake naɗawa: daudun kiɗi shi ne mataimakin jagora, mai riƙe ƙungiya in ba ya nan.

Aikin amshi ya kasu gida biyu, kuma bambancin yana da muhimmanci. A wajen makaɗan jama'a irin su Shata, ƴan amshi suna riƙe gindin waƙa, suna maimaita shi, jagora kuwa yana zuba ɗiyan waƙa yadda suka zo masa a lokacin. Gindin nan shi ne turken da ke ba shi damar yin nisa ya dawo. A wajen makaɗan fada masu kotso ko taushi kuwa, masu kiɗan su ne masu karɓin, kuma aikinsu ya wuce maimaitawa: jagora kan fara magana ya sake ta a tsakiya, su ƙarasa ta, wani lokaci su yi ƙari mai tsawo da murya ɗaya kamar mutum guda. Irin wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an shirya waƙar, an bita har ta zauna. Ma'ana, rabin waƙar Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu, daga bakin wasu mutane take fitowa, kuma a kawunansu take ajiye.

A zamanin da babu rubutu babu na'urar ɗaukar murya, ƴan amshi su ne ma'ajiyar waƙa. Jagora na iya mance ɗan waƙar da ya yi shekara goma da suka wuce, su tuna masa. In ya rasu, wajensu ake zuwa a ji yadda waƙa take tun daga farko har ƙarshe.

Zaman da ke tsakaninsu zaman ubangida da bara ne. Kyauta, ko doki ce, ko riga, ko kuɗi, ko mota da kujerar Makka a zamanin baya-bayan nan, hannun jagora take shiga, shi ke rabawa gwargwadon matsayin kowa. Shi kuma nauyinsu na wuyansa: ci da sha a kan hanya, auren saurayi, sunan jariri, jinyar marar lafiya. Tsari ne da ya raya gidaje da yawa, amma ya rataya ne ga adalcin mutum guda. Shi ya sa rabon kyauta ya kasance babban dalilin da ke raba ƙungiya, ya sa wani ɗan amshi ya ɗauki gangarsa ya kafa tasa.

Sunan da ya fito daga sahun baya

Babu misalin da ya fi na Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, nuna yadda gaba da baya suke haɗe a wannan sana'a. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma a cikin ƙungiyarsa Musa ya buɗe ido, yana binsa wuraren kiɗa tun yana ƙarami. Bayan mahaifin, shugabanci ya koma hannun yayansa Abdu Kurna, Musa kuwa ya zama daudun kiɗi. Ya daɗe a wannan matsayi yana karɓi a bayan wansa kafin ya tsaya da ƙafafunsa, har ya zama mawaƙin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙoƙin da ake saurare har gobe.

Abin lura shi ne sunan kansa. Masu ba da tarihinsa sun ruwaito cewa Ɗanƙwairo sunan wani mutum ne daga cikin yaran mahaifinsa, mai zaƙin murya, wanda ake tare da shi wajen waƙa. Da Musa ya fara sa baki cikin amshi aka ji muryarsa ta yi kama da ta wancan, sai aka laƙaba masa sunan, ya bi shi har kabari. Ashe sunan da ya cika ƙasar Hausa, daga Maradun har Damargu, aro ne daga wani ɗan amshi wanda babu faifai ko guda da ke ɗauke da sunansa. Duk lokacin da mai gabatar da shiri a rediyo ya ambaci Ɗanƙwairo, ya ambaci wancan bawan Allah ba tare da ya sani ba.

Tarihin gidan ya nuna abu na biyu: sahun amshi shi ne makarantar waƙa. A nan yaro ke koyon inda ake shiga da inda ake fita, da asalin gidajen sarauta, da yadda ake auna magana ta dace da kiɗa. Bayan rasuwar Musa, ƴaƴansa da suka yi masa karɓi su ne suka ci gaba da kiɗan kotso na gidan.

Shata da hannuwan wasu

Mamman Shata ya bi wata hanya dabam. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, kuma bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa ma bai so ya shiga waƙa ba. Ya yi sama da shekara hamsin yana waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 aka rufe shi a Daura. A duk tsawon wannan zamani, murya da fasahar magana nasa ne, amma sautin da ke sa a gane waƙarsa tun kafin ya furta kalma daga hannun makaɗansa yake fitowa.

Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, wadda aka san mahauta da ita tun asali. Makaɗi na rataya ta a hammata, yana matsa tsarkiyoyinta yana saki, sautin na hawa yana sauka yadda karin harshen Hausa ke yi, har ganga ta faɗi magana wadda mai kunne zai fahimta. Mawaƙin da ke ƙirƙira nan take, irin Shata, ba ya faɗa wa makaɗansa inda zai nufa. Su ne ke karanta numfashinsa da motsin jikinsa, su san lokacin da za a sassauta da lokacin da za a tsananta. Wannan sani ba ya samuwa sai da shekaru na tafiya tare, dare da rana, daga wannan gari zuwa wancan.

Littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, da ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, sun nuna cewa ana iya bin sawun irin waɗannan mutane in an tashi da gaske. Amma abin da ke cikin littafi bai kai ga mai saurare ba, domin kaset ɗin da aka yi ta kwafa a kasuwanni daga Kano zuwa Damagaram, daga Damagaram zuwa Tanut da Agadas, suna ɗaya kawai ake rubuta masa a baya.

Haka abin yake ga mata. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗaukaka kiɗan amada, amma ƙoren da ake kifawa a ruwa da waɗanda ake bugawa a ƙasa matan ƙungiyarta ne ke kaɗa su, su ne kuma ke amsa mata. Mawaƙi irin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, mai tafiya shi kaɗai da kuntiginsa, shi ne baƙon abu a wannan al'ada, kuma kaɗaicin nasa na cikin abin da ya sa ya fita dabam.

A ƙasar Nijar: daga fada zuwa orkes

A jihar Damagaram, fadar Sultan ta daɗe da makaɗanta masu kakaki da algaita da tambari, kowane da ranar aikinsa da wurin tsayawarsa. Ma'azu Ɗan Alalo, wanda ya rasu a 2002, shi ne sunan da ya fi fita daga wannan fada a ƙarni na 20, kuma shi ma da makaɗa da ƴan amshi yake waƙa. A Damargu, ƙasar gero da ke arewa da birnin Damagaram a kan tsohuwar hanyar ayari, kiɗa ya fi jingina da aiki da biki: gangar noma a wajen gayya, kiɗan ƴan kokawa bayan kaka, kalangun ƴan mata a dandali. A rugagen Abzinawa kuwa akwai tande, inda ake ɗaure fata a bakin turmi, mace guda ta ba da waƙa, sauran mata su amsa da tafi. Harshe ya bambanta, kayan kiɗa sun bambanta, amma ginin guda ne: mai bayarwa da masu karɓa.

Zamanin Samariya, a mulkin Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, ya kawo wani sabon salo. Gasar matasa ta ƙasa ta sa kowace gunduma ta tara mawaƙanta da makaɗanta da ƴan rawarta, a yi ta gwaji har a kai matakin jiha da na ƙasa. Sunan gari ne ke cin gasa, ba sunan mutum ba. Ƴan matan da suka yi amshi a waɗannan waƙoƙi, waɗanda Muryar Sahel ta yi ta watsawa, yau kakanni ne a cikin unguwanni, kuma da wuya jikokinsu su san muryar wa suke ji.

Da ƙungiyoyin kiɗan zamani, waɗanda aka fi sani da orkes, suka yi ƙarfi, sai al'adar rubuta sunaye ta fara shigowa. A cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya aka kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995, ƙarƙashin Yakuba Mumuni, mai sarewa, wanda shi kansa ya yi shekaru yana koyo a hannun mawaƙiya Absatu Dante. Faifan ƙungiyar sun ambaci mai jita Abdullahi Alhasan, da mai molo Husaini Namata Cibaku, da mai kalangu Adamu Dauda. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, maƙwabciyar Tanut daga gabas, wanda ya je tafkin Cadi a 2002 ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, a wajen tsoho Bukar Tar, ya fitar da faifansa na 2009 tare da makaɗi Umaru Adamu, kuma duk inda aka yi bayanin faifan ana ambaton su biyu. Barka ya rasu a 2018. Bambancin waɗannan da makaɗan dā bai shafi gwaninta ba. Alƙalami ne kawai ya ratsa ta kansu.

Darasi daga nesa

A Amurka, Duke Ellington ya shugabanci babbar ƙungiyar kiɗan jaz kusan shekara hamsin, har rasuwarsa a watan Mayu na 1974. Ya ma zo Dakar da ita a 1966 wajen bikin fasahar baƙar fata na duniya. An san shi da tsara kiɗa yana duban hannun kowane makaɗi da irin sautinsa, ta yadda in mutum ya tafi sai an sake tsarin. Harry Carney, mai busa babban saksofon, ya shiga ƙungiyar a 1927 yana ɗan shekara 17, ya zauna shekara 47, ya rasu ƴan watanni bayan ubangidansa. Billy Strayhorn ya yi aiki da shi daga 1939 har mutuwarsa a 1967, kuma shi ya tsara taken da ƙungiyar ke buɗe wasa da shi, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka na Ellington ne. Ana iya faɗin waɗannan shekaru dalla-dalla domin kamfanonin faifai sun riƙa rubuta wanda ya busa me, a wace rana, a wane gari.

A Afirka ta Yamma ma akwai abin koyi. Ƙungiyar Rail Band ta Bamako, wadda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Tijani Kone, ita ce ta yaye Salif Keita da Mory Kante, waɗanda daga baya sunansu ya shafe na shugaban nasu. A Legas, Tony Allen ya buga wa Fela Kuti ganguna daga 1964 zuwa 1979, kuma a hannunsa salon afrobit ya sami bugunsa. Ya bar ƙungiyar ne bisa ƙorafin kuɗi da rashin ba shi matsayin da ya cancanta. Ya rasu a Paris a 2020 duniya ta san shi da sunansa. Rikicin rabon kyauta, ke nan, bai tsaya ga masu kotso da kalangu ba.

Dalilan ɓacewar sunaye

Dalili na farko al'ada ce: bara ba ya gaban ubangidansa, kuma ɗan amshi na gari shi ne wanda muryarsa ta narke cikin ta ƴan uwansa. Na biyu shi ne matsayin da jama'a ta ba roƙo da kiɗa. Shugaba kan tsallake wannan raini ta hanyar shahara da dukiya da aikin hajji, na bayansa kuwa ya zauna a ciki, har ƴaƴansa su riƙa ɓoye sana'ar uban. Na uku shi ne yadda aka ɗauki waƙoƙin: rediyo da kasuwar kaset suna buƙatar suna ɗaya tak.

Ta fuskar doka Nijar ba ta makara ba. Tana cikin ƙasashen farko da Yarjejeniyar Roma ta 1961, mai kare haƙƙin masu kiɗa da waƙa a kan abin da aka ɗauka daga gare su, ta fara aiki a kansu a 1964. Sai dai doka ba ta iya bin haƙƙin wanda ba a rubuta sunansa ba.

Yau kuma wani abu ya ƙaru. Tun daga shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Kano suka bunƙasa, fiyano da kwamfuta sun ɗauke aikin makaɗa da dama: mutum guda a ɗaki yana fitar da sautin kalangu da na ganga, murya guda a ninka ta ta zama amshi. Mai biki ya ga hayar na'ura ta fi masa sauƙi a kan ciyar da mutum goma. In kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake, wannan ba abin kuka ba ne. Abin tsoro shi ne sahun amshi, wanda shi ne makarantar da ta fitar da Ɗanƙwairo, yana ƙanƙancewa, kuma tsofaffin da suka zauna a cikinsa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kawunansu.

Kammalawa

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin malamin makaranta ko ƙungiyar al'adu ba, kuma ba ya jiran kuɗin wani. A Tanut, da Gangara, da Olelewa, da Tarka, akwai dattawan da suka yi wa wani amshi, ko suka riƙe masa ganga, ko suka je gasar Samariya da sunan garinsu. Malamin Hausa ko na tarihi na iya tura ɗalibansa, biyu-biyu, da littafi da alƙalami, su tambayi abu biyar: sunan mutum da garinsu, abin da yake kaɗawa ko amsawa, wanda ya koya masa, shugaban da ya bi da tsawon zamansu, da sunayen sauran waɗanda suka yi tafiya tare. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi albarka, domin kowane tsoho zai fito da sunaye biyar ko goma na waɗanda suka riga shi.

In za a ɗauki murya da wayar salula, a nemi izini tukuna, sannan kowa ya faɗi sunansa da bakinsa kafin a fara kiɗa, a faɗi rana da wuri. A ajiye kwafi a makaranta, a kai wani gidan rediyon gari, a aika wani ga ma'ajiyar cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Masu shirye-shiryen rediyo su ma suna da nasu rabo: in an san sunan mai kalangu, a faɗe shi tare da na mawaƙi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya sani. Abin da ya rage shi ne, in jinka ta hau ɗaki, a tuna da hannuwan da suka ɗaga ta tun masu su na da rai.